Yadda Ake Ceto Shafin Intanet da Google Ya Cire Daga Bincike Ya Kuma Yanke wa Talla

A watan Fabrairun 2006 kamfanin Google ya cire shafin BMW na ƙasar Jamus ɗungurungum daga sakamakon bincike. Laifinsa fuska biyu: idan manhajar Google ta zo sai a nuna mata rubutu cunkushe da kalmomin da masu neman mota ke rubutawa, idan mutum ne ya zo sai a zarce da shi wani wuri daban. Kamfanin BMW ya kwashe wannan yaudara, cikin 'yan kwanaki aka mayar da shi. A 2011 kantin J.C. Penney na Amurka ya rikito daga sahun farko bayan jaridar New York Times ta fallasa ɗimbin mahaɗai na saye da ke nuni zuwa shafinsa, ya yi kusan wata uku kafin a sassauta masa. A 2012 kuwa Google ya hukunta shafin manhajarsa ta Chrome na kwana 60, saboda an kama shi da tallan da ya saɓa dokar mahaɗai.

Ke nan hukuncin bai bar babba ba, kuma ana fita daga cikinsa. Sai dai mai ƙaramin shafin labarai ko waƙoƙi ko girke-girke, da ya wayi gari ya ga baƙi sun ɗauke ƙafa kuma gurbin talla ya zama fari fat, yakan fara ne da abin da ya kamata ya zo ƙarshe, wato roƙo. Magiya ba ta ɗage hukunci. A gano laifin, a gyara shi gaba ɗaya, a tara shaida, sannan a nemi a sake duba lamarin. Wanda ya birkita wannan jeri shi ke daɗewa a waje.

Kafin komai, akwai abu uku da ba a yi a ranar farko. Kada ka buɗe sabon asusun talla. Kada ka hau goge-goge cikin firgici, domin za ka goge shaidarka. Kada kuma ka tura wa kowa kuɗi don ya ce yana da mutum a Google. Neman sake duba shafi kyauta ne, kuma mai shafi da kansa yake yi.

Mataki na farko: tabbatar ko korar ka aka yi

Ba duk ɓacewa ce kora ba. Buɗe Google ka rubuta site: ka liƙa masa adireshin shafinka ba tare da tazara ba. Idan maƙalolinka suka fito, to kana cikin rumbun Google, matsayinka ne ya yi ƙasa. Idan ba abin da ya fito, ko dai an cire ka, ko kuwa kai ka rufe ƙofa da hannunka ba ka sani ba.

Rufe ƙofar nan yana faruwa fiye da yadda ake zato. A WordPress, cikin Settings, sashen Reading, akwai ɗan akwatin da idan aka latsa shi yake gaya wa injinan bincike su kauce wa shafin. Masu haɗa shafi sukan latsa shi lokacin aiki su manta ba su cire ba. Blogger ma yana da irinsa a sashen Privacy. Sai ka duba fayil ɗin robots.txt, wanda za ka gani idan ka ƙara sunansa a ƙarshen adireshinka. Layin da ke cewa Disallow: / yana hana Googlebot, manhajar da ke zagaya shafuka, shiga ko'ina. Ka kuma tabbatar kuɗin sunan shafi da na masauki ba su ƙare ba. Katin banki ya ƙi biyan dala, shafi ya mutu na makonni, Google ya gaji da zuwa yana tarar da kango, wannan ba hukunci ba ne.

Daga nan sai Google Search Console. Idan ba ka taɓa rajistar shafinka a can ba, yanzu ne lokaci. Za a nemi ka tabbatar naka ne, ta hanyar ɗora wani ɗan fayil ko saka wani layi a bayanan sunan shafin. Da ka shiga, wuri biyu za ka nufa: Manual actions da Security issues. Na farko yana nuna ko wani ma'aikacin Google ya duba shafinka da idonsa ya yanke masa hukunci. Na biyu yana nuna ko an gano kutse ko mugunyar manhaja.

Idan dukkansu biyu sun nuna kore, babu wanda ya kore ka. Tsarin lissafin da ke jera shafuka ne ya canza ra'ayi a kanka. Buɗe rahoton Performance, wanda ke riƙe bayanan wata 16, ka nemo ranar da baƙi suka fara raguwa, ka gwada ta da ranakun sauye-sauyen da Google ke wallafawa a Search Status Dashboard. Irin waɗannan sauye-sauye sun daɗe: Panda a 2011 ya bi shafukan da ba su da nama, Penguin a 2012 ya bi masu mahaɗan bogi. Wannan nau'i ba shi da wurin ɗaukaka ƙara. Maganinsa gyaran rubutu da haƙuri, wani lokaci sai sauyi na gaba ya zo kafin a ga bambanci.

Mataki na biyu: karanta tuhumar da kyau

Idan akwai hukunci, rahoton zai faɗi nau'in laifin, ya kuma faɗi ko shafin gaba ɗaya ya shafa ko wani ɓangare. Sau da yawa akan ba da misalin adireshi biyu ko uku. A nan mutane ke yin kuskure mafi tsada: su gyara misalan kawai su ce sun gama. Misalan nuni ne. Kamar jami'in duba-gari ne da ya nuna maka kwata ɗaya a ƙofar gida. Ranar da zai dawo, har bayan gida zai leƙa.

Ka ɗauki hoton allon saƙon, ka kwafe shafin gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri, sannan ka buɗe jadawali mai layi huɗu: adireshi, matsalar da ke ciki, abin da ka yi, da kwanan wata. Wannan jadawali shi ne shaidarka nan gaba.

Mataki na uku: gyara

Idan kutse ne. Alamominsa sanannu ne: binciken site: ya fito da maƙaloli da Japananci, ko tallan magunguna da caca da ba kai ka rubuta ba, ko kuma Chrome ya riƙa tare baƙi da jan allo na gargaɗi. Wani kutsen ba ya nuna kansa ga mai shafi, sai ga wanda ya biyo ta Google a waya. Don haka ka yi amfani da URL Inspection a Search Console ka ga abin da Googlebot ke gani.

Ka sanar da kamfanin da ke ba ka masauki. Ka canza kalmomin sirri duka: na shiga shafi, na masauki, na rumbun bayanai, da na imel ɗin da aka yi rajista da shi. Ka duba jerin masu iko da shafin, a WordPress da Search Console, ka cire duk sunan da ba ka sani ba, domin masu kutse sukan naɗa kansu masu gida. Idan kana da kwafin ajiya na kafin kutsen, mayar da shi. Ka sabunta WordPress da duk ƙananan manhajojin da ka ɗora masa. Sannan ka cire duk wata manhaja ko ƙirar shafi ta kuɗi da ka sauke kyauta daga wurin 'yan fasa-ƙwauri, domin da yawansu da ɓoyayyar ƙofa suke zuwa. Wanda ya share shara ya bar wannan ƙofa, mako mai zuwa zai sake shara. 

Idan rubutun ne. Wannan ya fi zafi, domin yana nufin zubar da aikin da aka ɓata lokaci a kai. Bi maƙalolinka ɗaya bayan ɗaya ka kasa su uku. Kashi na farko, abin da kai ka rubuta kuma yake da amfani: ka bar shi. Na biyu, abin da ke da tushe amma bai ƙoshi ba: ka faɗaɗa shi da abin da ka sani, ko ka haɗe maƙaloli biyar masu magana ɗaya su zama guda mai kyau. Na uku, labarin da aka kwaso daga BBC Hausa ko Aminiya aka canza masa kanu, da wanda aka zuba a injin fassara aka liƙa ba a ko karanta ba, da feji mai layi biyu da maɓallin saukewa: ka goge su, adireshinsu ya riƙa ba da lambar 404 ko 410. Tun watan Maris na 2024 Google ya fito da doka ƙarara a kan zubo maƙaloli barkatai don kawai a hau bincike, ko ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta ko mutum. A lokaci guda ya haramta sayen tsohon sunan shafi da ya mutu don cin gajiyar martabarsa, da ba da hayar wani ɓangare na shafi mai suna ga masu zuba tarkace.

Idan mahaɗai ne. Google yana ɗaukar mahaɗa daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaidar yabo, shi ya sa sayen ta laifi ne. Sauke jerin masu nuni zuwa gare ka daga rahoton Links. Ware waɗanda ka saya, da waɗanda ka yi musaya, da waɗanda wani gwanin ɗaga shafi ya watsa maka a kan kuɗi kaɗan. Rubuta wa masu waɗannan shafuka ka nemi su cire, ka ajiye kwafin saƙonnin. Waɗanda suka ƙi amsawa, sai ka jera su a fayil na rubutu zalla, kowane layi ya fara da domain: sannan sunan shafin, ka ɗora a manhajar Disavow da Google ya fito da ita a 2012 don barranta daga irin waɗannan mahaɗai. A yi hattara da ita: wanda ya zuba har da mahaɗai na ƙwarai ya sare reshen da ke riƙe da shi. Idan kuma kai ne kake sayar da mahaɗai a shafinka, ka cire su, ko ka sa musu alamar sponsored ko nofollow.

Idan haƙƙin mallaka ne. Masu ɗora waƙoƙi da finafinan Kannywood da littattafan marubuta ba da izini ba su suka fi cin karo da wannan. Mai haƙƙi yana kai ƙara ƙarƙashin dokar DMCA ta Amurka ta 1998, Google ya cire adireshin, a kuma aika kwafin ƙarar rumbun Lumen inda kowa zai iya gani. Tun 2012 yawan irin wannan ƙara yana ja wa shafi baya gaba ɗaya. Idan kayan ba naka ba ne, sauke shi, ko ka nemi rubutaccen izinin mawaƙin ko marubuciyar. Idan naka ne aka yi maka ƙage, akwai takardar martani, amma ka sani rantsuwa ce ta shari'a, ba a cika ta da wasa. A Najeriya ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi hanyar sa a sauke kayan sata daga intanet.

Mataki na huɗu: takardar neman sake duba

Sai jadawalinka ya cika, ka sake bincike ba ka ga saura ba, sannan ka latsa Request review. Mutum ne zai karanta, kuma yana da tarin irinta a gabansa. Ka rubuta da Turanci mai sauƙi, ko ka sami wanda zai taya ka, cikin sakin layi uku.

Na farko ya faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana: na sayi mahaɗai daga wata kaza zuwa wata kaza, ko na wallafa maƙalolin da na kwafo. Idan wanda ka ɗauka aiki ne ya yi, faɗi haka, amma kada ka laɓe a bayansa, shafin naka ne. Na biyu ya faɗi abin da ka gyara, da adadi da misalai: na goge maƙala kaza, na sake rubuta kaza, ga adireshin wasu, ga jadawalin. Ka ɗora jadawalin a Google Sheets ka buɗe shi yadda mai dubawa zai iya gani. Na uku ya faɗi abin da zai hana maimaituwa.

Kada ka sa labarin kuɗin makarantar yara, kada ka yi barazana, kada ka ce ba ka san komai ba alhali ka sani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a gaban wanda yake riƙe da tarihin shafinka tun ranar da aka buɗe shi. Amsa takan ɗauki kwanaki ko makonni, ta mahaɗai takan fi daɗewa. Kada ka sake turawa kafin amsa ta zo. Idan aka ƙi, yawanci akan ba da sabon misali. Koma mataki na uku ka nemo 'yan uwan wannan misali.

Mataki na biyar: ɓangaren talla

AdSense, mai kula da tallan Google a shafuka, ofis ne daban da na bincike. Wanke ka a can bai wanke ka a nan ba. Shiga asusunka ka buɗe Policy center, ka gane a wane hawa kake, domin hawa-hawa ne.

Mafi sauƙi, an cire talla daga wasu maƙaloli ko daga shafi guda. Gyara abin da aka ambata ka nemi a sake duba daga nan cikin Policy center. Na biyu, an taƙaita yawan tallan da ake nuna maka yayin da ake tantance baƙinka. Wannan yakan wuce cikin ƙasa da kwana 30, ko da yake yana iya zarcewa, kuma babu takardar da za ka cika. Na uku, dakatarwa ta ɗan lokaci, wadda ba a ɗaukaka ƙara a kanta. Dama ce aka ba ka ka toshe ɓaraka. Na huɗu, rufe asusu, wanda shi kaɗai ke da fom na ɗaukaka ƙara.

Babban abin da ke rufe asusu shi ne latsawa da ziyarar bogi. Mai shafi ya latsa tallansa don gwaji. Ya ce wa ƙannensa da abokansa su taimaka. Ya shiga rukunin WhatsApp ko Telegram na latsa-mini-in-latsa-maka. Ya sayi dubban baƙi a kan 'yan daloli, waɗanda manhajoji ne ba mutane ba. Ko ya bi masu koyar da abin da suke kira lodin, wanda sata ce daga aljihun masu talla ko da wane suna aka kira ta. Akwai kuma latsawar kuskure: talla manne da maɓallin sauke waƙa, ko kibiya mai nuna talla, ko rubutun da ke cewa a latsa a tallafa mana. Duk laifi ne.

Google ba zai gaya maka takamaiman abin da ya gani ba, don kada masu zamba su koyi kauce masa. Kai za ka binciko. Buɗe Google Analytics da rajistar masaukinka, ka nemo ranar da baƙi suka yi tsalle ba dalili, ƙasar da suka fito, shafin da ya turo su, da tsawon zamansu. Shafin Hausa da dare ɗaya ya cika da baƙi daga ƙasar da ba a jin Hausa, kowannensu ya yi daƙiƙa ɗaya ya fita, ya riga ya ba ka amsa. Fom ɗin zai tambaye ka yadda mutane ke zuwa shafinka, ko ka taɓa karya doka, me kake ganin ya jawo matsalar, da gyaran da za ka yi. Amsa kowace tambaya da kwanan wata da alƙaluman da ka tono. Ka ɗauka dama ɗaya gare ka, domin ba a yi alkawarin duba ta biyu ba. Kuɗin da ke cikin asusun akan riƙe su aƙalla kwana 30 a tantance. Na bogi a mayar wa masu talla, idan akwai halastaccen saura a biya ka.

Akwai abin da ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye. AdSense yana da jerin harsunan da ya amince da su. Turanci da Faransanci da Larabci suna ciki, Hausa kuwa ta daɗe ba ta ciki, kuma dokarsu ta hana sa talla a shafin da akasarin rubutunsa da harshen da ba ya cikin jerin ne. Dabarar neman amincewa da maƙalolin Turanci sannan a juya zuwa Hausa karya wannan doka ce, kowace rana ana iya waiwayo ta. Ka duba jerin da kanka kafin ka ɗora lissafin abincinka a kansa.

Idan aka ƙi ƙarar, kada ka buɗe wani asusu da sunan matarka ko ƙaninka, kada kuma ka sayi na wani. Adireshi, lambar waya, asusun banki da shafin kansa duk suna haɗa ku, kuma ana rufe asusun da aka ga yana da alaƙa da wanda aka kora, ka ga ka jawo wa ɗan uwanka. Haka abin yake ga mai sayen talla a Google Ads: buɗe sabon asusu bayan dakatarwa laifi ne mai zaman kansa, kuma yana cikin waɗanda suka fi wuyar yafewa.

Mataki na shida: bayan an ɗage hukunci

Ɗage hukunci ba ya mayar da kai inda kake a da. Idan mahaɗan saye ne suka ɗaga ka, sun tafi da matsayin da suka ba ka. Sake tura taswirar shafinka a Search Console, ka nemi a ziyarci manyan maƙalolinka, ka ci gaba da wallafa abin kirki a kai a kai. Ka yi rajista a Bing Webmaster Tools, domin rumbun Bing daban ne kuma Yahoo ma daga shi yake ɗiba. Ka kunna tabbacin shiga mai hawa biyu, ka sa kwafin ajiya ya riƙa yin kansa, ka kuma tabbatar saƙonnin Search Console suna zuwa imel ɗin da kake buɗewa kullum.

Wani lokaci sunan shafin ne ya ɓaci tun kafin ya zo hannunka. Wayback Machine zai nuna maka abin da aka yi da shi a shekarun baya. Idan ka ga gyaransa ya fi ƙarfinka, sabon suna ba laifi ba ne, da sharaɗin kada ka kwashe tsohon tarkacen ka kai can, kada kuma ka karkatar da tsohon adireshi zuwa sabo, domin hukunci yana iya bin sawu.

Watannin jiran nan kuwa kada su tafi a banza. Tara masu karatunka a inda za ka iya kiran su da kanka, ta imel ko tashar WhatsApp ko Telegram. Je wa masu shaguna da makarantu da masu sayar da atamfa ko waya da alƙaluman baƙinka na gaskiya, ka sayar musu da gurbin talla kai tsaye, wata-wata, ka rubuta a jikinsa cewa talla ne. Kuɗin ba lallai ya kai na dala ba da farko, amma kai da mai tallan kuka yi ciniki, kuma shafin Hausa a wurin ɗan kasuwar da abokan cinikinsa Hausawa ne ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya yi daraja.